Yawon Bahar Rum a Jirgin Ruwa: A Lissafa Awowi Kafin a Ƙirga Birane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu yi bayani kan wata tafiya da ake yawan tallatawa, wato yawon buɗe ido a babban jirgin ruwa mai zagaya tsofaffin biranen Bahar Rum. Tallar kan ce kwana bakwai, birane shida, ƙasashe uku, ga hoton Roma ga na Atina. Gaskiya ne za a je wuraren. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne, da dama daga cikin waɗannan birane ba a bakin teku suke ba, jirgin a wata tasha mai nisa yake tsayawa, kuma awowin da fasinja ke da su a ƙasa ƙididdigaggu ne. Wanda bai yi lissafinsu tun yana gida ba, yininsa a kan hanya da bin layi zai ƙare, wani lokacin ma ya dawo ya iske jirgi ya ɗaga.

Roma ce ta fi kowane misali fito da wannan fili. Tasharta ta ruwa ita ce Civitavecchia, kuma tsakaninsu ya kai kilomita 70 zuwa 80. A ɗauka jirgi ya iso da ƙarfe 7 na safe, zai tashi da 7 na yamma. A takarda awa goma sha biyu ke nan. To amma lokacin da ake rufe ƙofa, wanda ake rubutawa a allon da ke bakin tsani, yawanci rabin awa ne kafin tashi, wato 6:30. Da safe kuma ba a sauka sai hukumomin tasha sun ba da izini. Daga gindin jirgi motar tasha za ta fitar da mutum zuwa ƙofa, daga nan ya sake shiga wata ko ya taka zuwa tashar jirgin ƙasa, abin da kan ci minti talatin zuwa arba'in. Jirgin ƙasa na gama-gari yana ɗaukar kamar awa guda zuwa tashar San Pietro da ke kusa da Batikan, da awa guda da minti ashirin zuwa babbar tashar Termini. Wanda ya yi sammako zai taka Roma wajen 9:30. Idan yana son ya kasance a jirgi da 5:30, ya bar wa kansa rarar awa guda, dole ya baro Roma tsakanin 3:30 da 4. Awa goma sha biyun nan ta koma shida, kuma a cikin shidan za a ci abinci, a bi layin bincike, a yi zirga-zirga tsakanin wurare.

Awa shida ba za ta ɗauki Batikan da Kolosiyam duka yadda ya kamata ba, sai a zaɓi gefe ɗaya. Kolosiyam, filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya zamanin Sarki Titus, ana sayar da tikitinsa da suna da lokaci, kuma tikitin ya haɗa da kufan tsohon dandalin birnin da tudun Palatino da ke maƙwabtaka da shi. Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na fasfo, domin ana iya dubawa. Wannan gefe shi kaɗai awa uku ne, sannan a gangara da ƙafa zuwa tsohon haikalin Pantheon, wanda tun watan Yuli na 2023 ake biyan kuɗin shiga, da maɓuɓɓugar Trevi da aka kammala a 1762. Wanda ya zaɓi Batikan kuwa ya duba ranar da jirginsa zai iso. Gidajen tarihin Batikan a rufe suke ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, kuma ranar layin yakan zagaye katanga. Ranar Laraba da safe, idan Fafaroma na ganawa da jama'a a dandali, ba a barin masu yawon buɗe ido su shiga majami'ar San Pietro sai an tashi. Ba a kuma shiga da kafaɗa ko gwiwa a buɗe, namiji ko mace.

Akwai abubuwa biyu game da jirgin ƙasan Italiya da ke jefa baƙi cikin wahala. Na farko, tikitin takarda na jirgin gama-gari sai an zura shi a wani ɗan inji da ke bakin dandamali ya buga masa lokaci kafin a hau. Wanda bai buga ba, a wurin mai dubawa kamar bai saya ba ne, tara zai biya. Na biyu ya fi haɗari, shi ne yajin aiki, wanda za a ga an rubuta sciopero a allon tasha. A ranakun aiki ana tabbatar da zirga-zirgar jiragen gama-gari daga 6 zuwa 9 na safe, da kuma 6 na yamma zuwa 9 na dare, ko da ana yajin. Ma'ana jirgin safe zai kai mutum Roma lafiya ƙalau, bai san ana komai ba, sai ƙarfe huɗu ya zo komawa ya tarar babu jirgi, na ƙarfe shida kuma ba zai kai shi kafin rufe ƙofa ba. Ana sanar da yajin aiki kwanaki kafin ranar, don haka a duba tun kafin a sauka. Ko a ranar da babu yaji, kada a dogara da jirgin ƙarshe da zai iya kai mutum a kan lokaci. A hau wanda ke da biyu a bayansa.

Haka lissafin yake a Livorno, inda ake sauka domin Firenze da Pisa. Pisa kusa take, minti ashirin a jirgin ƙasa, amma Firenze wajen awa ɗaya da rabi ce. Ana yawan haɗa su a yini guda, mu kuma ba mu ba da wannan shawara, domin taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya haɗa zai yi hoto a gindin hasumiyar Pisa da ta karkace, wadda aka fara ginawa a 1173, ya isa Firenze rana ta take, ya juyo bai shiga ko'ina ba. Manyan gidajen zanen Firenze biyu, Uffizi da Accademia, ba sa buɗewa ranar Litinin. Mai tafe da yara kuma ya sani ba a barin wanda bai kai shekara takwas ba ya hau hasumiyar Pisa.

Napoli ta fi sauƙi, domin jirgi a cikin gari yake tsayawa. Masu zuwa Pompei, garin da aman dutsen Vesuvio ya binne a shekara ta 79, suna hawa jirgin ƙasa na Circumvesuviana mai zuwa Sorrento daga tashar Garibaldi ko Porta Nolana, tafiyar minti talatin da biyar zuwa arba'in. Tashar sauka ita ce Pompei Scavi, wadda ke dab da ƙofar shiga. Akwai wata tashar mai suna Pompei kawai a wani layin, tana cikin sabon gari, kuma mutane kan rikita su. Kufan ya kai faɗin hekta 66, an tono wajen kashi biyu cikin uku, titunansa manyan duwatsu ne marasa daidaito, inuwa kuma ba ta da yawa. Tun watan Nuwamba na 2024 aka ƙayyade masu shiga zuwa 20,000 a rana. A ganinmu wanda ke tare da dattijo ko ƙananan yara ya fi dacewa ya sauka a Ercolano, a kan layin guda amma kafin Pompei. Shi ma wannan aman dutsen ne ya binne shi, ya fi ƙanƙanta, ana gama shi cikin awa biyu, kuma benaye da katakon gidajensa sun fi tsira. Mafi kyawun kayan da aka tono daga garuruwan biyu suna gidan tarihi na Napoli, wanda ke rufe ranar Talata.

Atina tasharta Piraeus ce, kilomita goma da 'yan kai daga tsakiyar birni, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa yana haɗa su. Sai dai daga inda manyan jirage ke tsayawa zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasan akwai tafiyar ƙafa ta minti ashirin zuwa talatin, a saka ta cikin lissafi. Tudun Akrofolis, inda haikalin Fatenon da aka gina tsakanin shekara ta 447 da 432 kafin Miladiyya yake, tun watan Satumba na 2023 ana shigarsa ne bisa lokacin da aka rubuta a tikiti, mutum 20,000 a rana. A nemi lokacin farko na safe. Dalili biyu ne. Motocin da ke kwaso fasinjojin jirage suna isowa kusan lokaci guda da hantsi, su toshe mashigar. Sannan a lokacin tsananin zafi hukumomi kan rufe tudun da tsakar rana, kamar yadda aka yi a 2023 da 2024, wanda ke riƙe da tikitin ƙarfe ɗaya sai ya iske ƙofa a kulle. Dutsen marmara da ke kan matakalan ya goge saboda takun mutane, yana da santsi ko babu ruwa. A sa takalmi mai kama ƙasa. Takalmi mai tsini ma haramun ne a wuraren tarihi na Girka. Tsakar rana a ba wa gidan tarihin Akrofolis da aka buɗe a 2009, yana gindin tudun, akwai sanyi a ciki.

Wasu wuraren kuma jirgi ba ya raɓar gaɓa sam. Yana tsayawa can cikin ruwa, a riƙa jigilar fasinjoji da ƙananan kwale-kwalen inji. A takardar tafiya ana sa alama a kan irin waɗannan tashoshi, kuma ya kamata a lura da ita, domin tana cinye lokaci ta fuska biyu: da safe ana rabon lamba, waɗanda suka sayi yawon kamfani su ake fara saukewa, da yamma kuma kwale-kwalen ƙarshe yakan tashi tun kafin lokacin rufe ƙofa. Santorini, wani tsibiri na Girka, ita ce ta fi wahala. Kwale-kwale na ajiye mutum a gindin wani dogon tsauni, garin Fira yana can sama. Hanyar hawa ita ce motar igiya mai akwati shida, kowane na ɗaukar mutum shida, ko matakala kusan 600 da jakuna ke bi. Idan jirage uku ko huɗu suka haɗu a rana guda, layin saukowa da yamma kan wuce awa. Wanda kwale-kwalensa na ƙarshe ƙarfe biyar ne, ya shiga layi tun uku da rabi. Akwai kuma iskar arewa da ake kira Meltemi, mai kaɗawa a tekun Girka musamman a Yuli da Agusta. Idan ta yi ƙarfi kyaftin na iya soke tsayawa a tsibirin Mykonos ko Santorini gaba ɗaya, kuma yarjejeniyar tikiti ta ba kamfani damar sauya hanya. Shi ya sa duk abin da za a biya tun daga gida a irin wannan tasha, a tabbatar ana mayar da kuɗi idan jirgi bai tsaya ba.

Benis ma a karanta takardarta da kyau. Tun 1 ga Agusta, 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage bi ta gaban dandalin San Marco. Tafiyar da aka rubuta ta fara daga Benis na iya nufin Marghera ko Fusina da ke wajen gari, ko ma Ravenna ko Trieste, waɗanda ke da tafiyar awa biyu ko fiye.

Akwai tashoshin da babu wannan wahala, kuma tafiya mai kyau ita ce wadda ta cakuɗa masu nisa da masu kusa, domin jiki ba ya jure sammako da doguwar hanya kwana biyar a jere. A Valletta ta Malta, birnin da aka aza harsashinsa a 1566 bayan ƙawanyar da Usmaniyawa suka yi wa tsibirin a 1565, daga jirgi sai ɗan taku zuwa wata na'urar hawa mai tsawon mita 58 da ke kai mutum lambun Barrakka a saman ganuwa. Mai jin Larabci zai tsinci kalmomi da yawa a bakin mutanen wurin, domin harshensu daga Larabcin Sisiliya ya samo asali. A Rodos ta Girka jirgi na tsayawa dab da ganuwar tsohon gari. Dubrovnik ta Kuroshiya kilomita uku ce daga tasharta ta Gruž, kuma zagaya saman ganuwarta tafiyar kusan kilomita biyu ce mai yawan matakala, gara a yi ta da sassafe. A Palermo ta tsibirin Sisiliya ana shiga gari da ƙafa. Musulmi sun ci birnin a 831, kuma rufin katakon ƙaramar majami'ar fada, Cappella Palatina, da aka yi zamanin sarakunan Norman, aiki ne irin na masu sana'ar ƙasashen Musulmi, wanda duk mai sha'awar gini ya kamata ya ɗaga kai ya kalla da kyau.

Ga wanda tarihin Musulunci ne ya fito da shi, wurare biyu na buƙatar shiri na musamman. Fadar Alhambra tana Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗi a 1492. Daga tashar Malaga ta Sifaniya wajen kilomita 130 ne, awa ɗaya da rabi zuwa biyu a mota. Tikitinta kan ƙare makonni kafin ranar, yana ɗauke da suna, ana neman fasfo a ƙofa, kuma sashen fadar sarakunan Banu Nasr, inda aka zana "Wa la galiba illallah" a jikin bangaye, yana da nasa lokacin shiga. Wanda ya makara ba a ɗaga masa ƙafa. A zaɓi lokaci tsakanin 11 da 1, domin na sassafe ba za a riske shi ba, na yamma kuma zai hana komawa. Idan tikitin ya ƙare, Ƙurɗuba na nan, wajen awa guda daga Malaga a jirgin ƙasa mai sauri, da babban masallacinta da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa a ƙarni na takwas, wanda yanzu majami'a ce.

Santanbul kuwa jirgi a Galataport yake tsayawa, daga nan taragon titi mai lamba T1 zai kai mutum unguwar Sultanahmet cikin mintoci. Aya Sofiya, da aka kammala a 537 zamanin Sarki Justiniyan, ta zama masallaci a 1453, ta koma gidan tarihi a shekarun 1930, aka sake mayar da ita masallaci a 2020. Tun Janairun 2024 baƙi masu kallo ta wata ƙofa daban suke shiga zuwa benen sama da tikiti, ƙasa kuma an bar wa masu ibada. Masallacin Sultan Ahmad da ke fuskantarta ana dakatar da masu kallo a lokutan salla, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko. Fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar nan mai rufi kuma ranar Lahadi. Daga tashar Kuşadası ta Turkiyya zuwa kufan tsohon birnin Afisa kilomita ashirin ne kawai, amma a shiga ta ƙofar sama a fita ta ƙasa, domin hanyar gangara ce. A gaya wa direba ya jira a ƙofar ƙasa.

Wannan ya kawo mu ga biza, inda ake yin asarar da ta fi kowace ciwo, domin tun a ranar farko take faruwa. Wanda fasfonsa ke buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ya duba jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Italiya, Girka, Sifaniya, Faransa da Malta suna ciki, Kuroshiya ma ta shiga ranar 1 ga Janairu, 2023. Turkiyya, Montenegro, Tunisiya, Masar da Saifurus ba sa ciki. Idan jirgi ya tashi daga Civitavecchia, ya biya Piraeus, ya tsaya Kuşadası, sannan ya dawo Napoli, to an fita daga Shengen an sake shiga. Bizar shiga sau ɗaya ta ƙare tun a Turkiyya. Abin da ake buƙata shi ne ta shiga sau biyu ko sau da yawa, kuma a nemi hakan a fili a takardar nema, a haɗa da jadawalin jirgin. Cewa "ai ba zan sauka a can ba" ba ya fid da mutum, domin yawancin kamfanoni kan hana hawa tun farko idan takardu ba su cika ba, kuma ba sa mayar da kuɗi. Kuɗin bizar yuro 90 ne ga babba tun watan Yuni na 2024. Ana iya nema tun saura wata shida, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, fasfo kuma ya kasance da sauran wata uku bayan ranar fita da shafi biyu da ba a buga komai ba. Kamfanonin jirage da yawa wata shida suke nema, don haka a bi nasu. Ƙa'idar ƙasashen da ke wajen Shengen ta danganta da fasfon mutum, a nemi kamfani ya ba da amsa a rubuce.

A iso garin da za a hau jirgi kwana guda kafin ranar tashi. Jirgin sama na makara, kaya na ɓata, jirgin ruwa kuwa ba ya jira. A ranar hawa ana karɓar manyan akwatuna a ƙofa, ba sa isa ɗaki sai yamma, saboda haka fasfo, magani da cajar waya su kasance a jakar hannu. Dutsen guga da wasu nau'o'in wayar jona wuta ana ƙwace su a wurin bincike saboda gudun gobara. Kafin a tashi akwai atisayen ceto, inda kowa zai san wurin taruwarsa da yadda ake ɗaura rigar ruwa. Kada a ɗauke shi da wasa. Jirgin Costa Concordia daga Civitavecchia ya tashi ranar 13 ga Janairu, 2012, ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio cikin daren, mutum 32 suka rasu, alhali waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Bayan haka ne aka sauya dokar duniya, ya zama wajibi a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi.

Agogo ma na yaudara. A lokacin zafi Girka da Turkiyya suna gaban Italiya da awa guda, kuma jirgi na da lokacin da yake aiki da shi, wanda ake sanarwa a takardar shirin yini da ake kawowa ɗaki kowane dare. Waya kan sauya lokaci da kanta gwargwadon layin da ta kama. A saita agogon hannu da na jirgi kafin a sauka, a kuma ɗauki hoton allon da ke bakin tsani. A cikin wannan takardar akwai suna da lambar wakilin jirgi na kowace tasha. A fita da ita a aljihu. Idan an ga za a makara, shi ake kira tun ana hanya. Idan jirgi ya riga ya tafi, shi ne zai miƙa wa mutum fasfonsa in ma'aikata sun ciro shi daga ɗaki, daga nan kuma kuɗin otal da na cim ma jirgi a tasha ta gaba duk a wuyan fasinja suke. In tashar gaban tana ƙasar da ba shi da bizarta, ko cim ma jirgin ba zai iya ba.

A nan amfanin yawon da kamfani ke shiryawa yake. Ya fi tsada, wani lokacin ninki biyu ko fiye, ana kuma tafiya da ayarin mutum arba'in ko hamsin bisa saurin mafi nawa a cikinsu. Amma idan motarsu ta makara jirgi na jira, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai su. Shawararmu ita ce a auna da nisa. Inda hanya ta wuce awa ɗaya da rabi, kamar Garnaɗa daga Malaga, Firenze daga Livorno, ko Alƙahira daga Iskandariyya da ke cin wajen awa uku, a bi kamfani. Inda gari ke bakin tasha, kamar Valletta, Palermo, Rodos, Napoli da Basalona, babu dalilin biyan wani ya raka mutum. Roma da Atina suna tsakiya, wanda ya iya karanta allon tasha kuma ya yi lissafin da muka kawo zai iya da kansa.

Kuɗin da aka tallata ba shi ne kuɗin tafiya ba. A kansa akwai ladan ma'aikata da ake ɗorawa kowane dare kan kowane mutum, tsakanin yuro 10 da 20 gwargwadon kamfani, akwai abin sha, intanet, yawon gari, da likitan jirgi wanda ba kyauta yake duba mutum ba. Girka ma ta sa haraji kan fasinjojin jirage tun 2025, wanda ya kai yuro 20 a Santorini da Mykonos a tsakiyar lokacin baƙi. Da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa, waya kan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, mai tsadar gaske, ko da mutum bai taɓa ta ba tana sabunta manhajoji. A kashe data kafin a tashi. A shago ko na'urar cirar kuɗi, idan aka ba da zaɓin biya da kuɗin ƙasar ko da kuɗin katin mutum, a zaɓi na ƙasar, domin canjin da na'urar ke yi ya fi cutarwa. A jirgin Circumvesuviana, da jiragen ƙarƙashin ƙasa na Roma da Atina, da titin La Rambla na Basalona, 'yan sane sun san fasinjan jirgi da ganin katin da ya rataya a wuya. A cusa katin cikin riga, jaka ta dawo gaba. Lambar neman agaji a duk ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya ita ce 112.

Mai jin jiri a ruwa ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi, ya sha maganin tun kafin teku ta tashi. Cutar amai da gudawa mai yaɗuwa a jirage wanke hannu da sabulu ne ke maganinta, man shafawa na hannu bai isa ba. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 yayin tafiya, ko jaririn da bai kai wata shida ba. Mai buƙatar abinci na musamman, na addini ko na rashin lafiya, ya sanar a rubuce makonni kafin tafiya, ya sake tuna wa shugaban ɗakin cin abinci a daren farko. Game da lokaci kuma, wanda ke da zaɓi ya guji Yuli da Agusta. Daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Yuni, ko daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, zafi ya yi sauƙi, layuka sun ragu, ana iya yini a kufan Pompei ko Afisa ba tare da an galabaita ba. Sai dai a Oktoba rana na saurin faɗuwa, wasu wuraren tarihi kuma suna rufewa da wuri, don haka a sake duba jadawalinsu mako guda kafin a tashi.

Mun gode da ba mu wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Daga wasu masu karatunku.